Ba kowane ciwon ƙoda ne suga ke kawowa ba: Cututtukan kolajin da ke ɓuya a bayansa

A ƙasar Ruma, daga Batsari zuwa Safana, idan mai ciwon suga ya fara kumburin ƙafafu kuma fitsarinsa ya riƙa kumfa, maganar da ake ji a bakin dangi da masu dubiya ɗaya ce: suga ya taɓa masa ƙoda. A mafi yawan lokuta maganar gaskiya ce, domin ciwon suga shi ne kan gaba a cikin abubuwan da ke kashe ƙoda a duniya. Ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 manya miliyan 537 ne ke ɗauke da shi, kimanin miliyan 3.6 daga cikinsu a Najeriya. Likitoci kuma sun daɗe da lura cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na masu suga ƙodarsa kan samu matsala idan shekaru suka ja.

Sai dai Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Akwai masu suga da ƙodarsu ke lalacewa saboda wata cuta daban, akwai kuma waɗanda cuta biyu suka haɗu a ƙodarsu, ɗaya ta suga, ɗaya ba tasa ba. A cikin irin waɗannan akwai cututtukan kolajin, waɗanda ba a cika gani ba, kuma suke saurin ɓacewa a bayan sunan ciwon suga. Sanin yadda suke ya shafi maganin da za a ba mara lafiya, ya kuma shafi 'ya'yansa da 'yan'uwansa.

Yadda ƙoda ke tace jini

Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kowace matata dunƙule ce ta siraran jijiyoyin jini, kewaye da wata fata mai laushi da ke aiki kamar rariya. Ruwa da dattin jiki suna wucewa ta ramukanta, ƙwayoyin jini da furotin kuwa su tsaya a cikin jini inda jiki ke buƙatarsu. A rana guda ƙodojin babban mutum suna tace ruwa kimanin lita 180, su mayar da kusan dukansa cikin jiki, abin da ke fita a matsayin fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba.

Idan rariyar ta lalace, furotin sai ya fara zuba cikin fitsari. Wannan ne ke sa fitsari kumfa mai daɗewa ba ta kwanta ba. Idan zubar ta yi yawa, jini ya rasa abin da ke riƙe masa ruwa, sai ruwan ya tsiyaye zuwa ƙafafu da fuska da ciki. Kumburin da ake gani ke nan.

Mene ne kolajin?

Kolajin furotin ne, kuma shi ne ya fi kowane yawa a jikin ɗan Adam. Shi ke ba fata da jijiya da guringuntsi ƙarfi. Duk wanda ya taɓa ganin romon ƙafar saniya ko na ganda ya huce ya daskare, to ya ga aikin kolajin, domin shi ne ya narke a wuta sannan ya sake kamawa. Cin ganda ko ƙafar saniya ba ya jawo cututtukan da ake magana a kansu, jiki ne da kansa ke ƙera nasa kolajin.

Masana sun gano nau'o'insa 28, amma biyu ne suka shafi wannan bayani. Nau'i na huɗu shi ne zaren da aka saƙa rariyar matatar ƙoda da shi, kuma ana samun irinsa a cikin kunne da ido. Nau'i na uku kuwa wurinsa fata ne da bangon jijiyoyin jini da naman da ke tsakanin sassan ƙoda. A cikin lafiyayyar matata ba a samunsa.

Abin da suga ke yi wa matata

Idan suga ya daɗe da yawa a jini, yakan manne wa furotin ɗin jiki ya sauya masa siffa, ya kuma ƙara ƙarfin bugun jinin da ke shiga matata. Ƙwayoyin matatar sai su riƙa ƙera kolajin nau'i na huɗu fiye da ƙima. Rariyar ta yi kauri amma ta riƙa yoyo, tsakiyar matatar ta cika, a ƙarshe wasu ƙulle-ƙulle su fito a cikinta. Likitoci biyu, Paul Kimmelstiel da Clifford Wilson, su ne suka bayyana waɗannan ƙulle-ƙulle a Amurka a shekarar 1936, kuma har yau da sunansu ake kiransu.

Wannan ɓarna a hankali take tafiya. Takan ɗauki shekara goma ko fiye kafin ta bayyana sosai, tana farawa da ɗan furotin kaɗan a fitsari wanda sai gwaji ke nunawa. Kuma da yake suga ba ƙoda kaɗai yake ci ba, mai irin wannan matsala galibi akan tarar siraran jijiyoyin bayan idonsa su ma sun taɓu. Wannan alaƙa tsakanin ido da ƙoda tana cikin manyan abubuwan da likita ke dogara da su wajen gane asalin ciwon.

Cutar taruwar kolajin nau'i na uku

A shekarar 1979 wani likitan ƙasar Japan mai suna Arakawa da abokan aikinsa suka ba da rahoton wata cutar ƙoda da ba a taɓa bayyanawa ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa kolajin nau'i na uku ne ke taruwa a cikin matata, wurin da ba nasa ba, har ya cike ta ya matse jijiyoyin jinin da ke ciki. A 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cutar a jerin cututtukan matatar ƙoda. Waɗanda aka rubuta labarinsu a mujallun likitanci tun daga wancan lokaci kusan mutum 100 ne, mafi yawansu daga nahiyar Asiya, musamman Japan da Indiya. Likita na iya gama aikinsa har ya yi ritaya bai ci karo da ita ba.

Tana kama yara, tana kama manya, maza da mata. An ga inda ta bayyana a 'yan'uwa ciki ɗaya, abin da ke nuna hannun gado a wasu lokuta, an kuma ga inda ta zo wa babba ba tare da kowa a danginsa na da ita ba. Masana sun kasu biyu a kan tushenta: wasu na ganin ƙwayoyin matatar ne ke sauya hali su fara ƙera kolajin da ba nasu ba, wasu kuma na ganin daga jini yake zuwa ya taru, domin an sha samun sinadarin da jiki ke ƙera wannan kolajin da shi ya hau ƙwarai a jinin masu cutar.

Alamominta su ne furotin mai yawa a fitsari, kumburi, hawan jini, wani lokaci ƙarancin jini, sannan raguwar aikin ƙoda sannu a hankali. Duk waɗannan su ne alamomin ƙodar da suga ya taɓa. Har a ƙarƙashin madubi takan yi ƙulle-ƙulle masu kama da na Kimmelstiel da Wilson. An buga rahotannin ɗaiɗaikun marasa lafiya da aka tarar da cutar biyu a ƙoda ɗaya, ɓarnar suga a gefe, tarin kolajin nau'i na uku a gefe.

Hanya ɗaya ce tak ta tabbatar da ita, wato a ɗebo ɗan gutsuren ƙoda a duba. Akan kashe zafin wurin da allura, a yi amfani da na'urar hoton ciki wajen saita wata siririyar allura ta baya, a ciro tsokar da ba ta fi kaurin zare ba. A ɗakin gwaji ana rina ta da sinadarai. Ƙullin suga yakan ɗauki rinin sosai, tarin kolajin nau'i na uku kuwa ya fito dusu-dusu. Daga nan sai a yi rini na musamman da ke kama wannan nau'in kaɗai, a kuma duba da babban madubi mai aiki da ilektiron, wanda ke nuna zaruruwa lanƙwasassu masu ratsi-ratsi. Irin wannan madubi ba kowane asibitin koyarwa ne ke da shi ba.

Cutar Alport, wadda ake gado

Cutar kolajin da ta fi kusa da jama'a ita ce wadda likita Cecil Alport ya bayyana a Ingila a 1927, bayan ya bi tarihin wani dangi da ciwon ƙoda da kurumta suka riƙa bi daga kakanni zuwa jikoki. A nan kolajin nau'i na huɗu ne ke zuwa da aibi tun daga haihuwa, saboda tangarɗa a ɗaya daga cikin ƙwayoyin gado uku da ke tsara shi. Rariyar ƙoda sai ta zama siririya, daga baya ta tsattsage. Da yake irin wannan kolajin yana cikin kunne da ido, ji yakan ragu tun a ƙuruciya, gani ma wani lokaci ya taɓu.

Alamarta ta farko ita ce jini a fitsari, sau da yawa kaɗan ne da ido ba ya gani. Hanyar gadonta iri-iri ce. A mafi shaharar hanyar, uwa mai ɗauke da ita tana iya ba rabin 'ya'yanta, uba kuwa ba ya ba 'ya'yansa maza amma yana ba dukan 'ya'yansa mata. Maza ne ta fi yi wa illa, mafi yawansu ƙodarsu kan gaza kafin shekara 40 idan ba a yi magani ba. A wata hanyar kuma sai uwa da uba sun haɗu a kan ɗaukar tangarɗar, kamar yadda ake gadon sikila: kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Auren zumunci, wanda ya zama ruwan dare a ƙasar Hausa, yana ƙara yiwuwar irin wannan haɗuwa.

Akwai kuma masu ɗauke da tangarɗar ta ɓangare ɗaya kawai, kuma suna da yawa. Wani nazari da aka buga a 2021 ya ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 106 na ɗauke da ita. Yawancinsu ba sa jin komai, illa ɗan jini a fitsari. Amma idan irin wannan mutum ya kamu da suga ko hawan jini a shekarun girma, nauyi biyu ne ya hau kan rariyar da dama can ba ta da ƙwari. Wani bincike da aka buga a 2019, wanda masana Jami'ar Columbia ta Amurka suka jagoranta a kan masu ciwon ƙoda 3,315, ya gano cutar gado a kusan kashi 9 cikin 100 nasu, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na waɗanda aka gano ɗin matsalar kolajin nau'i na huɗu ce.

A karkarar Katsina akwai abin da ke ƙara rufe wannan cuta. Yaron da ke wanka a rafi ko dam idan ya yi fitsarin jini, tsargiya ake fara zato, kuma sau da yawa ita ce. Amma idan an sha maganin tsargiya, gwaji ya nuna babu ƙwanta, jinin kuma bai daina ba, to akwai buƙatar a duba ƙoda.

Alamomin da ke sa likita ya sake tunani

A 2013 masana a Jami'ar Columbia sun duba gutsuren ƙodar masu suga 620. Kashi 37 cikin 100 ɓarnar suga ce kaɗai, kashi 36 wata cuta ce daban ba ta suga ba, kashi 27 kuma duka biyun ne. Waɗannan mutane an zaɓe su ne saboda likitocinsu sun ga abin da bai dace da suga ba, don haka alƙaluman ba na dukan masu suga ba ne. Abin da suke nunawa shi ne idan alamun shakka suka bayyana, sau da yawa akwai wani abu a ƙasa.

Alamomin su ne: furotin mai yawa a fitsari alhali likitan ido bai ga ɓarnar suga a bayan ido ba, ciwon ƙoda mai tsanani a mutumin da bai daɗe da suga ba, ko wanda sugansa ke zaune daidai, jini a fitsari, faɗuwar aikin ƙoda cikin makonni ko 'yan watanni, kumburin da ya zo farat ɗaya, raguwar ji tun da sauran ƙuruciya, da tarihin dangin da ƙoda ta kashe, musamman kawunai na wajen uwa da suka rasu suna samari. Ko ɗaya daga cikinsu ya isa dalilin neman ganin likitan ƙoda.

Amfanin bambancewa

Mai karatu na iya tambaya: idan cutar kolajin nau'i na uku ba ta da magani nata na musamman, me za a ƙaru da shi idan an gano ta? Abu na farko shi ne a kauce wa magungunan da ba za su amfana ba. Ana ba masu zubar furotin wasu ƙwayoyi irin su prednisolone, waɗanda ke tayar da suga da hawan jini, kuma ba su nuna tabbataccen amfani a wannan cuta ba. Na biyu, binciken da za a yi domin neman ta shi ne ke tona wasu cututtukan da ke da magani, kamar ciwon ƙodar da cutar hanta nau'in B ke kawowa, ko wanda yawan shan maganin ciwon jiki ya haifar.

A cutar Alport amfanin ya fi fitowa fili. Nazarin da aka yi a Turai, wanda aka buga a 2012, ya nuna cewa fara shan magungunan dangin lisinopril da wuri yana jinkirta gazawar ƙoda da shekaru masu yawa. Gano mutum ɗaya yana buɗe ƙofar gwada 'ya'yansa da ƙannensa tun kafin ɓarna ta yi nisa. Yana kuma da muhimmanci idan aka zo dashen ƙoda, domin ɗan'uwan da zai bayar da tasa yana iya kasancewa ɗauke da tangarɗar bai sani ba. Sannan likita zai yi taka-tsantsan da allurai irin su gentamicin, masu illa ga ƙoda da kunne a lokaci guda.

Sauran kulawar iri ɗaya ce ko da wace cuta ce: daidaita hawan jini da lisinopril ko losartan, rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, kula da suga, da sababbin magunguna irin su dapagliflozin da empagliflozin, waɗanda aka tabbatar suna rage saurin lalacewar ƙoda. Dukansu da umarnin likita ake sha. Mai juna biyu ba ta shan lisinopril ko losartan, kuma metformin da yawancin masu suga ke sha ana rage shi ko a dakatar idan aikin ƙoda ya yi ƙasa sosai.

Daga Ruma zuwa likitan ƙoda

Ga mutumin Wagini ko Runka ko Zakka, wahalar farko ita ce hanya. Garuruwan da ke bakin dajin Rugu sun shafe shekaru cikin matsalar 'yan bindiga, wadda ta raba mutane da gonakinsu ta kuma katse wa masu ciwo mai daɗewa zuwa asibiti a kan lokaci. A watan Satumbar 2021 har layukan waya aka rufe a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, Batsari da Safana na ciki. Mai suga da ya yi wata uku ba magani, ga aikin gona cikin zafin rana da ƙarancin ruwan sha, ga ƙwayoyin diclofenac ko ibuprofen da ake saye a kemis domin gajiya, ga jiƙe-jiƙen da ba a san ma'auninsu ba, ƙodarsa na ɗaukar duka ta ko'ina.

Duk da haka, matakan farko ba sa buƙatar manyan na'urori. Gwajin fitsari da ɗan tsinken takarda yana nuna furotin da jini cikin 'yan mintoci, kuma ana yin sa a manyan asibitocin gwamnati irin na Batsari da Dutsinma. Gwajin jini na kiretinin yana nuna ƙarfin aikin ƙoda. Ƙa'idar likitoci ita ce wanda ya kamu da suga a girma a yi masa waɗannan gwaje-gwaje tun ranar da aka gano ciwon, sannan duk shekara. Wanda ya kamu tun yana yaro kuma a fara bayan shekara biyar. Duba bayan ido shi ma sau ɗaya ne a shekara.

Idan an ga abin shakka, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko Asibitin Ƙwararru na Janar Amadi Rimi. Daga can ana iya turawa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ya fara dashen ƙoda tun 2002, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Tafiyar tana cin kuɗi, amma ba ta kama ƙafar kuɗin wankin ƙoda ba. Ko bayan da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 da rage farashin wankin daga kimanin Naira 50,000 zuwa Naira 12,000 a wasu asibitocinta, mara lafiya na buƙatar wankin sau biyu zuwa uku a kowane mako, har tsawon rayuwa ko sai an yi masa dashe. Manomi kaɗan ne zai iya jure wannan ko da ya sayar da shanunsa.

Abin da iyali za su riƙe

Mai suga ya ajiye duk takardun gwajinsa wuri ɗaya, ya riƙa zuwa da su asibiti, domin saurin faɗuwar aikin ƙoda sai an jera sakamako ake gane shi. Kafin ganin likita, a zauna da dattawan gida a tambayi tarihi: wa ya rasu da kumburi, yana da shekara nawa, ta wajen uwa ne ko ta wajen uba, akwai masu raunin ji a dangi? Wannan bayani ba ya cin ko kwabo, kuma shi ne sau da yawa ke karkato da hankalin likita zuwa cutar gado. Wanda ƙodarsa ta fara rauni ya nemi shawarar likita kafin azumin Ramadan, ya kuma guji duk maganin ciwon jiki da ba a rubuta masa ba.

Idan kuma aka ce wa mara lafiya suga ne ya taɓa ƙodarsa, yana da haƙƙin ya yi tambaya uku cikin ladabi: an duba bayan idona? Akwai jini a fitsarina? Shin ya kamata a gwada 'ya'yana? Amsoshin su ne za su nuna ko a ci gaba da kulawar da aka saba, ko a kama hanyar Katsina tun ƙodar na da sauran ƙarfi.